Keke da hunturu: a duba birki kamin a hau

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, ma'aikata da ƴan makaranta da masu kawo kayan lambu daga Jiratawa ko Tibiri suna shigowa Maraɗi bisa keke tun da asuba, cikin ɗari da hazo. Tun da ambaliyar 1945 ta sa aka maida garin bisa tudu, mai komawa wajen gulbi yakan haɗu da gangara. A nan ne ran mutum yake hannun birkinsa.

Ƙurar hunturu tana cin robar birki. Ɗari kuma yana sandarar da roba da yatsu, keke ba ya tsayawa da wuri.

Saboda haka, ƴan uwa, kowane mako a goge gefen wili da busasshen tsumma. In roba ta suɗe, a sake ta kamin ƙarfe ya taɓa ƙarfe. A ɗaure wayar da ta saki. Mai kuwa, sarƙa kaɗai ake ɗiga wa, kada ya taɓa roba. A sa safar hannu, a kunna fitila.

Kuɗin roba bai kai kuɗin ɗori ba.