Launin Bindiga Ba Ya Nuna Ƙarfinta

Tun da fitinar 'yan bindiga ta game dazuzzukan Faskari da Ƙanƙara, har ta hana manoman Malumfashi da Funtuwa sakewa a gonakinsu, wata magana ta bazu a majalisu, wai bindigar da aka shafa wa fenti ruwan ƙasa daga Libiya ta fito, kuma wai da yake ba ta naushin kafaɗa, to, sihiri ne a jikinta. Haƙiƙa makamai sun malalo cikin Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, amma launi bai zama hujja ba, domin fentin nan ba shi da wata fa'ida face ya kare ƙarfe daga tsatsa, ya kashe ƙyalli, ya saje da ƙasa da busasshiyar ciyawa, alhali kuwa duk mai gwangwanin fenti yana iya shafa shi.

Amma batun naushi, ƙa'ida ce da Allah Ya gina halitta a kanta, wadda Newton ya bayyana a 1687, cewa duk abin da ya tunkuɗa wani, shi ma za a tunkuɗe shi daidai gwargwado; saboda haka idan albarushi ya kora harsashi gaba, wajibi ne bindiga ta komo baya. Bindigar toka ta maharba tana sauke wannan ƙarfi duka a kafaɗa lokaci guda. Ita kuwa M16 ta Amurka, wadda Eugene Stoner ya ƙago asalinta, an sa mata wani dunƙulen ƙarfe da sifirin a cikin ƙotarta, waɗanda ke tarbar ƙarfen cikin bindigar da harbi ke korowa baya, su jinkirta shi, sa'an nan su mayar da shi gaba ya ɗauki sabon harsashi. AK-47 kuma nata sifirin yana ƙarƙashin murfin bayanta. Misalin wannan kamar gammo ne ga ɗan dako mai ɗauke da buhun masara: bai rage wa buhun ko tiya guda ba, sassauta raɗaɗi kawai ya yi.

Abin da ke tona asalin bindiga shi ne lamba da hatimin masana'anta da aka buga a jikinta. Da hukumomin da ke baje makaman da aka ƙwace a gaban 'yan jarida za su riƙa bin diddigin lambobin nan, su kuma shaida wa talakawa rumbun da kowace ta fito, da jita-jita ba ta sami wurin zama ba.