Abin Da Ya Sa Malam Ke Ba Da Karatu Kaɗan-Kaɗan

A makarantun allo na Minna, malam ba ya rubuta wa ƙaramin almajiri doguwar sura sukutum. Aya biyu ko uku yake ba shi, sai ya haddace sannan a wanke allo. Binciken masana ya gaskata hikimar nan. A 1956 George Miller na Amurka ya nuna cewa abubuwa wajen 7 kaɗai hankali ke riƙewa lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya rage su zuwa 4. Abin da ba a maimaita ba kuwa, cikin daƙiƙa 20 yakan ɓace.

Ko ruwan madatsar Tagwai duka aka kawo, tulu mai ƙaramin baki a hankali yake cika. Malamin da ya kwararo wa yara darasi, ƙasa yake shayarwa.