Lambar 0.05 da makomar binciken ilimi: darasi ga ɗaliban Kontagora

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin binciken kammala karatu a fannin ilimi a Najeriya ya san jimlar nan da ke yawan zuwa a babi na huɗu: an gwada hasashe a matakin 0.05, kuma "babu wani bambanci mai muhimmanci". A gari irin Kontagora, inda Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta shafe shekaru tana yaye malamai kafin a ɗaga darajarta zuwa jami'a, wannan jimla tana da nauyi, domin masu rubuta ta su ne za su shiga aji gobe da abin da suka gamsu da shi.

Asalin lambar daga Ingila yake. Ronald Fisher, masanin ƙididdiga da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted, shi ne ya yaɗa ta a littafinsa na 1925. Ma'anarta ita ce: idan da gaske babu bambanci tsakanin rukuni biyu, sau 5 kacal cikin 100 ne sa'a kaɗai za ta haifar da tazarar da ta kai wannan mizani. Ke nan 0.05 garkuwa ce daga kuskure guda, wato ganin bambanci inda babu shi.

A 1933, Jerzy Neyman da Egon Pearson suka fayyace kuskure na biyu: bambanci yana nan, amma bincike ya kasa gano shi. Yiwuwar gwaji ya kama bambancin da ke akwai ita ake kira ƙarfin gwaji, kuma ta dogara ne kan girman bambancin da yawan mutanen da aka gwada.

A ce wata ɗaliba tana son sanin ko koyar da lissafi da Hausa ya fi koyar da shi da Ingilishi amfani ga 'yan aji uku a wata firamare da ke Kontagora. Ta ɗauki yara 20 a kowane rukuni. A ce kuma Hausar tana taimakawa da gaske, taimako matsakaici. Lissafi ya nuna cewa da wannan adadi, kusan sau ɗaya cikin uku ne kawai gwajinta zai nuna hakan. Sau biyu cikin uku za ta rubuta "babu bambanci", alhali taru mai manyan ƙofofi ta jefa, kifin ya sulale. Kafin damarta ta kai kashi 80 cikin 100, tana buƙatar yara kimanin 64 a kowane rukuni. Idan taimakon ƙarami ne, adadin zai doshi 400.

Akwai wani tarkon kuma. Idan kowane rukuni aji guda ne da malaminsa, ba za a iya rarrabe tasirin harshe da tasirin malamin ba, komai yawan yaran.

Matsalar ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. A 1962, Jacob Cohen ya duba maƙaloli 70 da wata babbar mujallar nazarin halayyar ɗan'adam ta Amurka ta wallafa, ya gano cewa damarsu ta kama bambanci matsakaici ba ta ma kai rabi ba. A 2015, wata tawagar masana ta sake gudanar da bincike 100 da aka riga aka wallafa. A zagayen farko 97 sun haye mizanin 0.05, amma da aka maimaita, kashi 36 cikin 100 ne suka haye. Dalili guda shi ne, ƙaramin binciken da ya yi sa'ar hayewa yakan zuzuta girman abin da ya gano. A 2016 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa wannan lamba ba ta auna girman tasiri ko muhimmancinsa.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye. Tun daga gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, na koyar da 'yan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, har zuwa manufar koyarwa da harshen uwa da Gwamnatin Tarayya ta amince da ita a 2022, kowane ɓangare na muhawarar yana kafa hujja da bincike. Raunanan gwaje-gwaje na iya sa a yi watsi da hanya mai amfani, ko a rungumi wadda ba ta da shi.

Gyaran yana hannun ɗalibai da masu duba aikinsu. A lissafa yawan yaran da ake buƙata tun kafin a shiga aji. A bayyana girman tazarar da maki nawa ne, tare da iyakar da take iya kaiwa sama ko ƙasa. Inda kuɗi suka yi kaɗan, ɗalibai biyar na iya yin tambaya guda a makarantu biyar, a Kontagora da Rijau da Mariga, su haɗa alƙalumansu. Idan kuma hakan bai yiwu ba, ɗalibar ta rubuta gaskiyar abin da ta samu: yara 40 ba su isa a yanke hukunci ba.