Arewa: likitan fiɗa ya matso kusa, saura mai gyaran na'ura

A shekara ta 2005 ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar, tare da sashen koyon aikin likita na jami'ar Yamai, ta ɗauki matakin da mutanen karkara suka daɗe suna jira: a riƙa yin aikin fiɗa a asibitocin gundumomi. Aka ɗebi likitoci, aka ba su horo na wata 12, aka tura su. Da aka tashi auna amfanin shirin, jihar Doso aka zaɓa. A shekara ta 2007 kaɗai, mutum 544 aka yi wa fiɗa a asibitocin gundumomi uku na jihar. Daga cikinsu 206 aikin gaggawa ne, kuma kashi 70 cikin ɗari na waɗannan mata ne da haihuwa ta zo musu da gardama, aka ciro ɗan ta ciki.

Mutumin Arewa ya san abin da wannan lissafi yake nufi. Daga Dogondutsi zuwa Doso kusan kilomita 140 ne bisa kwalta, kuma wanda ya taso daga ƙauyukan Gesheme, a gundumar Tibiri, sai ya sha rairayi kafin ya kai ga kwaltar. Macen da jini ya ɓalle mata wajen naƙuda ba ta da wannan lokaci.

Sai dai hannun likita shi kaɗai ba ya fiɗa. Yana bukatar fitilar da za ta haska masa cikin da ya buɗe, da na'urar tsotse jini, da tukunyar da ke dafa almakashi da wuƙaƙe cikin tururi mai zafin digiri 121, da iskar oksijen, da firigon ajiye jini. In ɗaya daga cikinsu ta tsaya, likita yana nan, ɗakin fiɗa yana nan, amma marar lafiya mota zai shiga. Zaɓen waɗannan kaya da girka su da kula da su, shi ne aikin injiniyan kayan likita, wanda ma'aikatan asibiti ke kira biyomedikal. Sunansa ba ya fitowa a jawabin ranar buɗe asibiti.

A shekara ta 2011 masu bincike na jami'ar Duke, a Amurka, sun bi lissafin na'urori 112.040 a asibitocin ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Wani bincike na shekara ta 2010, da ya duba takardun neman gyara 2.849 daga asibitoci 60, ya fi wannan ban takaici: kashi 72 cikin ɗari na kayan da aka taɓa sun tashi ba tare da an jira kayan gyara daga waje ba. Waya ce ta tsinke, ko fis ya ƙone, ko tiyo ya toshe, ko kuwa babu wanda aka taɓa nuna wa yadda ake kunna abin. Na'urar miliyoyin kuɗi takan shekara a ƙarƙashin zane saboda abin da bai kai jikka ɗaya ba.

Misali mafi kusa shi ne na'urar tace oksijen, wadda ran yaro mai ciwon huhu yakan rataya a kanta. Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijen. Na'urar tana zuƙo iskar ɗaki, ta matsa ta cikin wasu ƙananan tsakuwoyi masu riƙe sauran iskar, ta fitar da oksijen da ya haura kashi 90. A bayanta akwai ɗan soso mai tare ƙura, wanda ake son a wanke shi duk mako. A ƙasar da aka ƙera ta, wannan ƙaramin abu ne. A Dutsi kuwa, lokacin hunturu, ƙura ba ta jiran mako, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Soson ya toshe, injin ya yi zafi, tsakuwoyin su gaji. Abin tsoro shi ne na'urar tana ci gaba da ƙara, kwalbar ruwa tana ɓulɓula, uwa tana ganin ana yi wa ɗanta magani, alhali abin da ke fitowa ya kusa zama iskar ɗaki. Sai an auna da ma'auni ake ganewa, kuma auna ɗin aikin mai gyara ne.

Ga kuma wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke lantarkin da ke zuwa daga Birnin Kebbi ya ratsa Doso zuwa Yamai, ba a maido shi ba sai a 2024. Watannin nan sun tuna wa kowa cewa asibitin da ba shi da injin wuta mai lafiya ko allunan hasken rana, rabin asibiti ne. Wutar da ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi ita ma tana kashe na'ura kamar yadda ƙura ke yi.

Inda aka ƙera kaya da tunanin irin wannan ƙasa, an ga bambanci. Gundumar Dutsi tana cikin waɗanda sanƙarau ya yi wa ɓarna a shekara ta 2015, kuma allurar rigakafi ba ta da amfani in ta lalace kafin ta kai ƙauye. Yawancinta tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Firigon da, mai aiki da kananzir ko gas, yakan mutu ranar da mai ya ƙare. Na yanzu mai hasken rana ba shi da ko batir: da rana yana daskarar da ƙanƙara a cikin bangonsa, ita ce ke riƙe sanyin har gari ya waye. Duk da haka sai an sami wanda zai share ƙurar allon.

Ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƴan asalin Arewa mazauna waje suna yawan kawo wa asibitoci gudummawa, kuma sun cancanci godiya. Amma ɗan kasuwar da ba zai sayi motar da babu makanikenta a tasha ba, shi ne kuma zai karɓi na'urar da aka yi don wutar 110 ta Amurka, alhali ta Nijar 220 ce, da littafinta cikin harshen da babu mai karanta shi a asibitin. Tun shekara ta 2000 ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da ƙa'idojin irin wannan kyauta, kuma tushensu shi ne a tambayi mai karɓa abin da yake bukata kafin a ɗaure kaya. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994 sun san yadda kuɗin kayan gyara ke ninkawa dare ɗaya.

Binciken 2010 ya nuna kashi biyu cikin uku na kayan da suka tsaya za su tashi a hannun mutum mai ƴan dabaru 107, irin su liƙa waya da dalma, canza fis da wanke tiyo. Wannan ba ya bukatar shekara biyar a Turai. A kasuwar Dutsi da ta Koren Mairuwa akwai samarin da ke buɗe wayar salula su gyara, su hau rufi su girka allon rana. Abin da ya rage ga hukuma da ƙananan hukumomi shi ne horo, da gurbin aiki mai albashi, da layi a cikin kasafin kuɗi don kayan gyara, da babur da mansa domin zagaya cibiyoyin CSI daga Dogonkiriya har Dumega.