Yaron Da Ke Yin Cefane, Wa Zai Tsawata Masa?

Yau zancen ƙwallo na kawo muku. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, mu da ke cikin gida ina ruwanmu da tamaula?" To, yi haƙuri ki ji. Duk yaron da kika ji ana kiran sunansa a rediyo ran da Pillars ke wasa a Ƙofar Mata, wata ce ta goya shi, kuma tuwon wata zai koma ya ci da dare.

A unguwarmu nan cikin birni akwai wani yaro, ba zan faɗi sunansa ba. Tun yana ƙarami yake buga ƙwallon tsumma a lungu, uwarsa ta sha bin sa da muciya don ya tsere wa makarantar allo. Amma yaro ne mai ladabi, ba ya wuce babba bai durƙusa ba. Da ya kai shekara 17 sai wata ƙungiya ta ɗauke shi, aka yanka masa albashi. Watan fari ya kawo buhun shinkafa gida. Na uku ya sayi babur. Kafin shekara ta kewayo gaisuwarsa ta koma ɗaga hannu daga bisa babur, ga waɗansu abokai da ba wanda ya san iyayensu sun cika zaure.

Mutane suka ce kuɗi sun ɓata shi. Ni kuwa na sa ido, abin da na gani shi ne ba yaron ya fara sakewa ba, mutanen gida suka fara. Uwarsa ta daina tashinsa sallar asuba, wai a bar shi ya huta, ya gaji. Yayarsa ta daina aikensa. Baffansa, wanda dā in ya yi gyaran murya kowa sai ya shiga taitayinsa, shi ne yanzu ke zuwa ƙarshen wata ya zauna a dakali yana jiran a fito. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski. Yaro ɗan shekara 17 ya wayi gari babu mahaluki guda da zai ce masa "bari". In ke ce, ya za ki zama?

Suna ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun ga 'yan dambe irin su Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa kiɗa har sunansa ya game ƙasa. Amma dambe wasan mahauta ne, bayan kaka ake yin sa. Abin da ɗan dambe ya samu a fage, makaɗa su ɗiba, yaransa su ɗiba, sa'an nan ya koma bakin sana'arsa ƙarƙashin Sarkin Fawa, wanda ke da bakin yi masa faɗa. Kuɗin ƙwallo kuwa shiru suke shiga asusun yaro, tsararrakinsa suna aji suna jiran kuɗin tara.

Ba cewa nake kuɗi su ne cutar ba. Dubi Ahmed Musa. Yana ɗan shekara 17 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010. Daga nan ya tafi Holan, ya wuce Rasha, a 2016 ƙungiyar Leicester ta Ingila ta saye shi kan fam miliyan 16 da ɗoriya. Wane attajirin Kurmi ya taɓa jin an yi wa ɗan Adam irin wannan kuɗi? Duk da haka a 2017 ya gina wurin wasanni a Hotoro, a 2021 kuma ya komo ya sake sa rigar Pillars.

Sai ki tuna da Sani Kaita, haifaffen Kano. A gasar kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, Nijeriya na gaba da Girka da ci 1, zuciya ta ɗebe shi ya kai wa wani ƙafa, alƙali ya kore shi, aka cinye mu 2 da 1. Ya nemi gafara, amma mutanen da suka tafa masa jiya su suka riƙa aika masa barazana. Duniya rawar 'yan mata ce. A irin wannan rana ba inda yaro zai sa kansa sai gida, in an bar gidan da sauran mai faɗa a ji.

Ku kuma 'yan makaranta, na ga hotunan da kuke liƙawa a bayan littafin lissafi. Kadan irinsu ya zo zance, kada ki dubi mota. Tambayi ƙanwarsa ko har yanzu ana aikensa a gida.

Yaron unguwarmu fa? Bara ya yi targaɗe a gwiwa, ƙungiyar ta sallame shi, abokan zaure suka watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Ran nan na shiga gidan karɓar rariya, na tarar uwarsa ta miƙa masa bokiti ta ce ya ɗebo ruwa. Ya tsaya ya dube ta, ita ma ta dube shi, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Can sai ya karɓa ya fita, yana ɗingishi.