Littattafan Hotuna Masu Koya wa Yara Natsuwa a Lokacin Tsoro

Kowane yaro yana jin tsoro. Jariri ɗan wata 8 yakan yi ƙyuya idan baƙo ya ɗauke shi. Ɗan shekara 3 zuwa 6 kuwa duhu da aradu da mugun mafarki ne suka fi firgita shi. Illar takan zo ne daga yadda manya ke karɓar abin: wani ya daka wa yaro tsawa, wani ya yi masa dariya, wani ma ya ƙara masa da barazanar Dodo don ya yi barci. Yaron zai yi shiru, amma tsoron yana nan a cikinsa.

Saboda haka ne marubuta a ƙasashe da dama suka tanadi littattafan hotuna musamman domin wannan al'amari. Hikimarsu ita ce su ba tsoro siffa da suna, yadda yaro zai iya nuna shi da yatsa. Alal misali, a cikin Ruby's Worry, wanda Tom Percival na Ingila ya fitar a 2018, an zana damuwar wata yarinya kamar dunƙule mai ruwan ɗorawa. Muddin tana ɓoye ta sai ƙara girma take yi, ranar da ta faɗa wa wani yaro kuwa sai ta fara ƙanƙancewa. Akwai kuma Owl Babies na Martin Waddell, na 1992, labarin 'ya'yan mujiya uku da suka farka cikin dare ba uwarsu, suka yi ta jira har ta komo. Mu dai mujiya ba abar so ba ce a wurinmu, amma yaron da ke kuka duk sa'ad da uwarsa ta fita zai gane kansa a ciki nan take.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne My Hero is You, wanda ƙungiyoyin agaji fiye da 50, har da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka fitar a 2020 lokacin annobar korona, domin yara 'yan shekara 6 zuwa 11. A cikinsa wata halitta mai fukafukai, Ario, tana koya wa yara su ja numfashi sannu a hankali, su kuma tuna wani wuri da suke jin aminci. Wannan ita ce natsuwar da ake nufi, watau tattara hankali a kan abin da jiki ke ji yanzu. Tsoro yana sa zuciya bugawa da sauri, fitar da numfashi a hankali kuwa yana sassauta ta.

Kada a miƙa wa yaro littafin a tafi. A zauna tare da shi, a bar shi ya faɗi abin da ya gani, a gwada numfashin tun yana cikin walwala, domin ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife. Galibinsu da Turanci suke, amma hotunan sun isa uwa ko yaya ta ba da labarin da Hausa.

Idan tsoro ya ɗauki makonni, yaro ya daina cin abinci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, musamman bayan ya ga hari ko ambaliya, littafi bai wadatar ba. A kai shi asibiti mafi kusa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato.