Ƙarshen Rayuwar Henry Ford: Gidaje Sun Ginu, Miƙa Ragama Ya Gagara

A daren 7 ga Afrilu, 1947, ambaliyar kogin Rouge ta kashe injin da ke bai wa gidan Fair Lane wutar lantarki. A hasken kyandir da fitilar kananzir Henry Ford, wanda ya cika titunan duniya da motoci, ya rasu yana da shekara 83.

An kammala Fair Lane a 1915 a garin Dearborn na jihar Michigan ta Amurka: ɗakuna 56 a kan fili mai eka 1,300, da tashar lantarki ta kansa wadda amininsa Thomas Edison ya aza harsashinta. A 1916 Ford ya sayi wani gida a Fort Myers ta jihar Florida, katanga ɗaya da Edison. Daga baya ya mallaki dubban ekoki kusa da Savannah a jihar Georgia, inda ya gina makarantu da wuraren shan magani, yana zuwa can hutun sanyi.

Duk wannan bai yi masa wuya ba. Abin da ya gagare shi shi ne sakin kujera. Tun 1919 ya naɗa ɗansa tilo, Edsel, shugaban kamfani, amma sarautar ta suna ce kawai. Sau da dama uban yakan rushe shawarar ɗan a gaban ma'aikata. Wanda ya samu kunnen maigida shi ne Harry Bennett, tsohon ɗan dambe mai kula da tsaron kamfanin, wanda ya yi ƙaurin suna wajen murƙushe ƙungiyoyin ƙwadago.

Da Edsel ya rasu a 1943 yana da shekara 49, tsohon ya koma kujerar, ga shekaru sun doshi 80, ga bugun jini ya taɓa shi. Lokacin kuwa kamfanin na ƙera wa gwamnati jiragen yaƙi, don haka aka sallami jikansa, Henry Ford na Biyu, daga rundunar sojan ruwa ya dawo gida. Duk da haka sai da matarsa Clara ta sa baki, surukarsa Eleanor kuma ta yi barazanar sayar da hannun jarinta, sannan ya sauka a Satumbar 1945. Jikan, mai shekara 28, ya fara da sallamar Bennett. Hadimin da ƙarfinsa duka ya rataya ga mutum ɗaya bai wuce ranar da maigidan ya sauka ba.

Dukiyar kuwa an yi mata tanadin da ba a yi wa mulkin ba. Dokar 1935 ta ɗora harajin kashi 70 cikin ɗari a kan gadon da ya haura dala miliyan 50. Sai iyalin suka raba hannayen jarin gida biyu: marasa ƙuri'a, waɗanda su ne mafi yawa, suka tafi ga Gidauniyar Ford da aka kafa a 1936, masu ƙuri'a suka tsaya a hannun zuri'a. Gidauniyar na da ofishi a Legas har yau, iyalin kuma na riƙe da kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un kamfanin.

Clara ta rasu a 1950. A 1957 aka bai wa Jami'ar Michigan gidan Fair Lane, aka gina reshenta na Dearborn a filinsa.